Gina gidan hutu a tsibiran gaɓar Legas: daga kwale-kwale ake fara lissafi

Yamma da mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas akwai wani dogon zirin rairayi da ya shiga tsakanin Tekun Atlantika da mashigin ruwan Badagiri. A kansa ne Tarkwa Bay da Ilashe da Ibeshe suke. Teku na kudu, mashigin ruwa na arewa, kuma ta ruwa ake zuwa. Babu famfon gwamnati, ba a dogara da wutar NEPA, babu shagon kayan gini da za a tura yaro idan ƙusa ta ƙare. Abu biyu ne ke yanke hukunci a kan kowane gini a nan: nauyin da kwale-kwale zai iya tsallakar da shi, da gishirin da ke cikin iska. Wanda ya zana gida bai sa waɗannan biyun a gaba ba zai biya kuɗin ginin sau biyu. Lissafin da ke ƙasa na gida ne mai ɗakin kwana biyu, falo haɗe da kicin, banɗaki ɗaya da baranda.

Fili da takardunsa

A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna, kuma sayen fili bai kammala ba sai da amincewarsa. Rasit daga dangin da suka sayar da sa hannun Baale, wato mai garin wurin, suna da amfani don zaman lafiya, amma ba su ne mallaka ba. A ɗauki safiyo mai rajista ya auna, a kai taswirar ofishin babban safiyo na jiha a duba ko filin na cikin wanda gwamnati ta riga ta karɓe ko yana kan hanyar bututun mai. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna Tarkwa Bay bisa zargin fasa bututun mai da ke ratsa yankin, aka rushe gine-gine da dama. Izinin gini daga hukumar LASPPPA ta jihar Legas yake fitowa, ita ce kuma za ta faɗi tazarar da za a bari daga bakin teku. Idan za a yi matsayar jirgi a gaɓa, hukumomin hanyoyin ruwa, NIWA ta tarayya da LASWA ta jiha, duk suna da ta cewa.

Sai zaɓen inda gidan zai zauna a cikin filin. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Tun da Turawa suka gina shingayen duwatsu a bakin mashigar tashar, tsakanin 1908 da 1912, rairayin yake taruwa a yammacinsu, gabashi kuma, irin su Bar Beach, teku ya yi ta cinsa. Wannan ya sa ɓangaren Ilashe ya fi samun sauƙi, amma ba ya hana ambaliyar teku a damina. A tambayi masunta tsofaffi inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ta fi muni, a kafa turke a wurin, a ja baya sosai. Tudun rairayin da ke fuskantar teku da ciyawar da ke kansa da itatuwan kwakwa su ne katangar gidan. Masu baje tudun don su hango ruwa daga kan kujera su ne ke fara kwashe ruwa daga falo.

Girma da fasali

Allon filawud faɗinsa mita 1.22, tsawonsa 2.44. A zana gidan a kan wannan awo don kada a tsallakar da katakon da za a yanke a zubar. Faɗin allo sau 5 a faɗin gida, sau 8 a tsawonsa, na ba da mita 6.1 da 9.76, kusan murabba'in mita 60, sai baranda mai zurfin mita 2.4 a gefen teku. Ya wadatar da mutum shida. Duk mita ɗaya da aka ƙara, ƙarin dako ne da ƙarin wurin da tsatsa za ta kama.

A miƙe tsawon gidan daga gabas zuwa yamma. Gajerun bangaye su ɗauki zafin hantsi da na la'asar, dogayen kuma su buɗe wa iskar teku da ke zuwa daga kudu maso yamma mafi yawan shekara. Kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu masu fuskantar juna ko masu kusurwa, silin ya kai mita 3. Bangon gilashi daga ƙasa har sama yana da kyau a hoto, amma gishiri na dusashe shi cikin kwana biyu, yana tara zafi, kuma idan ya fashe sai an jira sabo daga gari. Tagogin luba masu firam na alminiyam mai kauri, da ƙofofin katako masu naɗewa a gefen baranda, sun fi shi aiki.

Alƙibla daga Legas tana wajen digiri 63 daga arewa zuwa gabas. Tun a takarda a juya mazaunin masai ya kalli arewa ko kudu, a kuma sa famfon alwala da wanke ƙafa a gindin matakala, domin rairayin da ke shiga gida da ƙafa shi ke cinye fentin daɓe ya toshe magudanar banɗaki.

Me ya sa ba bulo ba

Bangayen gida irin wannan, na waje da na ciki, bayan cire ƙofofi da tagogi, za su kai murabba'in mita 125. Bulo 10 ke shiga kowace murabba'in mita, wato bulo 1,250. A kilo 20 kowane ɗaya, tan 25 ke nan, ba a sa simintin ɗori da filasta da daɓen kankare ba. Bangon katako mai filawud da allon waje bai fi kilo 40 a murabba'in mita ba, wato tan 5. Kowane kilo sai an ɗora shi a mota, an sauke a jeti, an ɗora a jirgi, an sake saukewa, sannan an ɗauka a ka cikin rairayin da baro ke nutsewa. Buga bulo a can da yashin bakin teku kuwa, wanda wasu ke yi don gudun dako, shi ne ke sa bango ya riƙa fitar da farin gishiri yana zubar da filasta, kuma babu fentin da ke maganinsa.

Harsashi: nan nauyin ya kamata ya tafi

Gidan zai zauna a kan ginshiƙan kankare, daɓensa aƙalla mita 1.2 sama da turken ambaliyar nan. Ɗagawar tana barin ruwa ya wuce ta ƙasa, tana sanyaya daɓe, tana kuma ba da damar ganin gara kafin ta hau. Layi uku na ginshiƙai biyar-biyar, tazarar mita 2.44 a tsawo da 3.05 a faɗi, sai biyar na baranda: ginshiƙi 20. Kowane yana kan faifan kankare mai santimita 90 da 90, kauri 30, a zurfin kamar santimita 80 zuwa mita ɗaya, shi kuma ginshiƙin santimita 30 da 30. Jimillar kankaren ta kusa kubik mita 8.5, wato tan 20, buhun siminti kamar 70, tsakuwa tan 11, yashi tan 6. Wannan nauyin ba asara ba ne, shi ne zai riƙe gidan ranar da iska ta nemi ɗaga shi.

Waɗannan awon na ƙasa ce mai rairayi tsantsa. Kusa da mashigin ruwa, ƙarƙashin rairayin akwai baƙar laka mai laushi da ba ta ɗaukar nauyi, kuma gida yakan nutse ta gefe ɗaya a hankali har ƙofofi su daina rufuwa. A sa a yi gwajin ƙasa, injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ya duba. Idan laka ce, sai turaku masu zurfi.

Kwaɓin ya zama ɗaya da ɗaya da rabi da uku: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki uku na yashi, shida na tsakuwa. Ruwa kada ya wuce lita 20 zuwa 22 a buhu, kusan bokitin fenti ɗaya, a rage idan yashin jiƙaƙƙe ne. Leburori suna son ƙara ruwa don kwaɓi ya yi saurin zuba, amma ruwan da ya yi yawa yana barin ƙananan kafofi a kankare bayan ya bushe, ta nan gishiri ke isa ga rodi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma sau da yawa, don haka rodi idan ya yi tsatsa yana kumbura, ya tsaga kankaren daga ciki. Don haka yashin kogi mai kaifi za a kawo daga gari, ruwan kwaɓi na sama ne ko na gari, kuma a bar santimita 5 cif tsakanin rodi da fuskar kankare ta kowane gefe, da biskit na siminti, wato ƙananan tokaran da ke raba rodi da katakon zubi, ba da guntun katako ba. Rodi huɗu na milimita 12 a kowane ginshiƙi, zobe na milimita 8 duk santimita 15. A dasa bol na milimita 16 a kan kowane ginshiƙi tun kankaren na ɗanye, ya shiga santimita 30. Bayi da ruwa mai daɗi kwana bakwai, a naɗe ginshiƙan da buhu ko leda saboda iskar teku na busar da su da wuri.

Siminti ba ya jure zama a wannan danshi. A kawo shi kashi-kashi, a jera kan katako, a lulluɓe, a yi amfani da shi cikin wata ɗaya. Buhun da ya yi gudaji masu tauri ya tashi daga aikin harsashi.

Katako da ƙarfen da ke haɗa shi

Ga manyan katakan ƙasa da baranda, a nemi loko, wanda 'yan kasuwar katako ke kira iroko, ko kawo, ko opepe, ko ekki. Ekki ya fi su jure ruwa amma ƙusa ba ta shigarsa sai an huda. Obeche da afara suna da araha da sauƙin aiki, gara da danshi kuma na gamawa da su cikin 'yan shekaru, don haka ba su da wuri a ƙasa ko a waje. Katakon ya zama busasshe. Ɗanye idan aka ɗaure shi zai murɗe, haɗin ya saki. Manyan dogarai milimita 75 da 225 a kan ginshiƙai, na daɓe 50 da 150 duk santimita 40, na bango tubaifo duk santimita 61 don bakin filawud ya faɗa a kansu. Tsakanin kankare da katako a sa ledar hana danshi da farantin ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, wanda ke tilasta wa gara fito da hanyarta fili.

Daga waje, bango ya tashi haka: filawud na milimita 12 da aka kafe duk santimita 15 a gefuna da 30 a tsakiya, sai shimfiɗar da ke hana ruwa amma take barin tururi ya fita, sai sirararan katakai a tsaye masu barin sarari na santimita 2.5, sannan allon waje. Sararin nan shi ke ba ruwan da iska ta tura ciki hanyar sauka. Idan aka manna allon waje kai tsaye, bangon zai ruɓe daga ciki alhali fuskarsa na ƙyalli.

A nan ne mafi yawan gine-ginen gaɓa ke mutuwa: ƙusa da sukuru. Ƙusar kasuwa da sukuru mai ɗan ƙyallin tutiya ba sa kai damina biyu. Abin da ake so shi ne sitenles mai lamba 316, wanda ake buga wa A4 a kan bol. Mai lamba 304, wato A2, ya isa a Kano ko Abuja, amma a bakin teku yana yin ɗigo-ɗigon tsatsa. Maganaɗisu na iya tona ƙarfen banza da aka goge, domin sitenles na gaske ba ya kama shi sosai, amma ba ya bambance 304 da 316, sai an duba tambarin. Manyan maɗauran da ba a samu a sitenles ba, a sayi waɗanda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, a kuma shafe su da fenti. Wani abin lura: ƙarfe iri biyu idan suka haɗu cikin ruwan gishiri, ɗaya na cin ɗaya. Sukurun sitenles a kan kwanon alminiyam sai da wosha ta roba, kuma katakon da aka jiƙa da maganin gara mai jan ƙarfe kada ya taɓa alminiyam kai tsaye.

Rufi da iska

Iska mai gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa, tana danna ko jan kowace murabba'in mita da ƙarfin kusan kilo 55, a kusurwoyi da bakin rufi kuma ya kan ninka. Rufin murabba'in mita 100 na iya fuskantar jan tan biyar zuwa sama. Nauyin kwano ba zai hana shi tashi ba. Abin da ke riƙe shi shi ne ɗauri marar yankewa: kwano da katakon da ke ƙarƙashinsa, shi da rafta, rafta da kan bango, bango da dogarai, dogarai da bol ɗin ginshiƙi, kowane haɗi da maɗaurin ƙarfe, ba ƙusar da aka karkata aka buga ba. Inda aka tsallake ɗaya, nan zai ɓalle.

Rufi mai gangara huɗu, digiri 25 zuwa 30, ya fi mai gangara biyu jure iska. Kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.7, katakan ƙarƙashinsa duk santimita 60, sukuru a kowane tudu a layin baki da na tsakiyar sama. Leɓen rufin kada ya wuce santimita 60. Rufin baranda a yi shi daban, a jingine da bango ƙasa da babban rufi, ta yadda idan iska ta shiga ƙarƙashinsa ta yaye shi, ba zai tafi da na ɗakuna ba. A ƙarƙashin kwano a shimfiɗa abin hana zafi mai kaurin santimita 5 zuwa 10, yana kuma rage ƙarar ruwan sama.

Ruwa

Mita goma ƙasa da rairayin nan ba a san abin da za a samu ba sai an gwada, amma tsarin ɗaya ne a duk irin waɗannan tsibirai: ruwan sama mai daɗi yana kwance a saman ruwan gishiri, siririn kauri. Rijiya marar zurfi na ba da ruwa mai kyau. Wanda ya zurfafa ko ya sa babban famfo yana zuƙa da ƙarfi zai jawo gishirin sama, kuma rijiyar da ta yi gishiri tana daɗewa ba ta dawo ba. A sa ƙaramin famfo, a ja kaɗan-kaɗan, a bar wannan ruwan ga wanki da masai.

Na sha daga rufi zai fito. Milimita ɗaya ta ruwan sama a murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Legas na samun sama da milimita 1,500 a shekara, don haka rufin nan, ko an cire kashi 20 cikin 100 na asara, zai tara lita 120,000. Matsalar ba yawa ba ce, ajiya ce ta rani, daga Disamba zuwa Maris. Mutum shida, lita 80 kowane a rana, kwana biyu, lita 960. Ziyara takwas a wata huɗu, da mai gadi mai lita 50 kullum, ya kusa lita 14,000. Tankin roba uku masu lita 5,000, baƙaƙe don kada gansakuka ta tsiro, a kan daɓen kankare a inuwa. A sa bututun da ke zubar da lita 100 ta farkon kowane ruwa, mai ɗauke da gishiri da kashin tsuntsaye, sannan matata da tafasawa ko sinadarin kulorin kafin sha.

Masai a rairayi mai ruwa kusa abu ne da ake yawan kuskurewa. Sokawe mai zurfi irin ta gari tana zuba ƙazanta kai tsaye cikin ruwan da rijiya ke ja. A yi tanki rufaffe mai ɗaki biyu wanda ba ya yoyo, ruwan da ya fito ya bi bututu mai huda a cikin tudun yashi da aka ɗaga, ƙasansa aƙalla mita ɗaya sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa a damina, nesa da rijiya mita 30.

Wuta

Firji, fanka huɗu, ƙwan fitila goma, famfo, talabijin da cajin waya suna cin kamar kilowat-awa 5 a rana. Ranar Legas ba ta Sakkwato ba ce. A Yuli da Agusta hadari na rufe sama, don haka a yi lissafi da awa uku da rabi na cikakkiyar rana, a cire kwata na asara. Ana buƙatar kusan kilowat 2, wato faifan sola huɗu masu wat 550, batirin litiyam na LiFePO4 mai kilowat-awa 10, da inbata mai kVA 3.5 zuwa 5. Na'urar sanyaya ɗaki ɗaya da za ta kwana tana aiki za ta ninka wannan duka. A nemi faifan da ya ci gwajin gishiri na IEC 61701, a karkata shi aƙalla digiri 10 don ruwa ya wanke shi. Inbata da batir su zauna a ɗan ɗaki na ciki a gefen arewa, ba a baranda ba. Gidan na cikin abubuwa mafi tsawo a fili, saboda haka sandar tsawa da kyakkyawan haɗin ƙasa da na'urar kare kaya daga tsawa wajibi ne. Tukunyar gas a waje, abin kashe gobara biyu a ciki, domin motar kwana-kwana ba za ta zo ba.

Dako da lokacin aiki

A ƙera bangaye a gari, falle-falle, faɗin mita 1.22 zuwa 2.44, kowane mutum huɗu su iya ɗauka. A harhaɗa gidan gaba ɗaya a filin kafinta, a gyara abin da bai zauna ba, a sa wa kowane yanki lamba da fenti, sannan a kwance. Kwana uku da wannan zai ci sun fi mako biyu na jiran guntun katako a tsibiri sauƙi. Ƙusa, sukuru, wosha da kayan famfo a ƙara kashi 10 cikin 100.

A zuba harsashi a Nuwamba ko Disamba, a rufe kwano kafin guguwar farkon damina ta Maris da Afrilu. A daidaita lodi da cikar ruwa, domin jirgi mai nauyi yana kafewa nesa da gaɓa idan ruwa ya janye. Ƙarshen damina kuma wata ciyawar ruwa mai kama da kainuwa tana toshe mashigai ta naɗe farfelar inji. Rigar ruwa ga kowane lebura, kuma hukumomi sun hana tafiyar dare. Daga jeti zuwa fili a shimfiɗa katakai a matsayin hanyar baro.

Gidan da ke rufe

Gidan hutu ya fi daɗewa a kulle fiye da a buɗe, kuma ɗakin da aka toshe a wannan danshi yana yin fumfuna cikin makonni kaɗan: katifa, labule, har cikin kabad. A bar kafofin iska masu raga a saman kowane bango waɗanda ba a rufewa ko kaɗan, ragar ta zaren gilashi ko sitenles. Gadaje su zama masu sarari a ƙasa, kabad ba ƙofa ko mai ƙofar luba. Mai gadi ya buɗe gida sau biyu a mako, ya wanke faifan sola da tagogi da ƙarƙashin leɓen rufi da ruwa mai daɗi duk wata, domin inda ruwan sama ba ya kaiwa nan gishiri ke taruwa ya fi cin ƙarfe. Bayan hunturun farko katako zai ɗan tsuke, sai a shiga ƙarƙashin gida da sifana a ƙara ɗaure duk bol ɗin ginshiƙai ashirin, a kuma duba kowane ɗaya ko gara ta ja hanyar laka a jikinsa. Idan an gani, a karya hanyar, a bi ta har gidan garar a zuba magani, a sake dubawa bayan mako biyu.